Ƙetarewar nyumbu a kogin Mara: yadda ake samun hoton, da yadda yake kuɓucewa

Tsakanin watan Yuli da Oktoba garkunan nyumbu da ke zagaye tsakanin gandun dajin Serengeti na Tanzaniya da Masai Mara na Kenya sukan iso bakin kogin Mara. Sai su yi cirko-cirko a kan gaɓa, wani lokaci awa biyu, wani lokaci wuni guda, ɗaya ta leƙa ruwan ta ja da baya, wata ta sauka ta sha ta hauro. Can sai guda ta yi kukan kura ta faɗa, saura su bi ta kamar an fasa madatsa. Idan garken babba ne abin zai ɗauki minti ashirin ko fiye. Idan ƙarami ne, kafin mutum ya gama cire murfin gilashin kyamararsa an gama. Waɗannan 'yan mintoci su ne masu hoto ke biyan kuɗin jirgi daga ko'ina a duniya dominsu, kuma da yawansu suna komawa gida da dubban hotuna babu guda ɗaya da za a rataya a bango.

Nyumbu sunan da Sawahili suka ba ta ne. Dabba ce dangin kanki da dari, mai gemu da ƙaho irin na saniya, nauyinta daga kilo 150 zuwa 250. Adadin da aka saba ambata shi ne kusan miliyan 1.3, tare da jakunan dawa wajen 200,000, ko da yake wani nazari na hotunan tauraron ɗan'adam da aka fitar a 2025 ya ƙirga ƙasa da 600,000. Suna haihuwa a kudancin Serengeti, wajen Ndutu, a watan Fabrairu, su bi ruwan sama da ɗanyar ciyawa su yi arewa. Kogin Mara, wanda ya taso daga tsaunukan Mau na Kenya ya yi tafiyar kilomita 395 ya zuba a tafkin Biktoriya kusa da Musoma, shi ne ya gitta musu hanya. Ba sau ɗaya suke ƙetare shi ba. Muddin suna yankin, duk inda hadari ya haɗu can suke nufa, su haye yau, jibi su dawo. Saboda haka babu mai iya ba ka rana, balle awa. Wanda ya ware kwana biyu caca ya yi. Kwana biyar zuwa bakwai kusa da kogin shi ne abin da ake ba da shawara.

Gaɓar da aka tsaya

Kuskuren da ya fi tsada ana yin sa ne tun a gida, lokacin zaɓen masauki. A ɓangaren Kenya kogin yana gangarowa ne daga arewa zuwa kudu, yana lanƙwashe-lanƙwashe. Gabas da shi babban gandun ne da gundumar Narok ke kula da shi, yamma da shi kuma yankin da ake kira Mara Triangle, mai faɗin murabba'in kilomita 510, wanda hukumar Mara Conservancy ke gudanarwa tun 2001. Wurin yana kusa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, rana tana fitowa wajen 6:30 ta faɗi wajen 6:40 kusan duk shekara, kuma tana haurawa sama da sauri. Wanda ke gaɓar gabas da safe rana tana bayansa, launin dabbobin zai fito sarai. Wanda ke gaɓar yamma a wannan lokacin yana fuskantar rana, sai bayan la'asar abin ya juya.

Fuskantar rana ba asara ba ce ga wanda ya san abin da yake yi. Ƙurar da kofato ke tayarwa da feshin ruwa sun fi kyau idan haske ya biyo ta bayansu, sai ƙurar ta koma kamar garin zinariya, ƙahoni su fito baƙi a cikinta. Amma wannan hoto ne daban, da saiti daban, kuma ya kamata a san shi ake nema kafin a fita.

Abu na biyu ya fi rana muhimmanci: ina dabbobin suka dosa? Idan suna taruwa a gaɓar da kake, za su ba ka baya, abin da za ka samu gindi da jela ne, sai dai tsallen farko daga kan gaɓa idan ka samu gefe. Idan suna tsallake ne suna nufo ka, za ka ga gangarowarsu ta cikin ƙura, da fuskokinsu a ruwa, da fafutukar haurowa. Hoton da mutane suka sani na wannan ƙetarewa galibi daga nan ake ɗaukarsa. Matsalar ita ce sauya gaɓa ba abin minti biyar ba ne. Sai an zagaya ta gada, ko ta Purungat a kudu ko wadda ke arewa wajen ƙofar Oloololo, tafiyar da kan cinye fiye da awa guda a kan hanyar burji. Ƙetarawa zuwa Tanzaniya ta cikin gandun kuwa babu ita ga baƙi, sai an fita an bi ta kan iyaka. A can Kogatende, arewacin Serengeti, kogin ya fi miƙewa daga gabas zuwa yamma, don haka hasken safe da na yamma gefe yake bugowa, kuma mashigan lamba aka ba su maimakon suna.

Direban da ya shekara yana aiki a wurin ya fi kowane gilashi daraja a nan. Shi ya san cewa mashigin kaza gaɓarsa tsaye take kamar katanga, na kaza kuma duwatsu ne masu santsi, ya kuma san inda kurmi zai tare maka gani. A gaya masa tun daren jiya irin hoton da ake so. Idan aka bar shi da kansa zai kai ka inda kowa ke zuwa, domin yawancin fasinjojinsa kallo suka zo yi.

Kaya, da kilo 15

Daga Nairobi ana zuwa Mara ta mota, awa biyar zuwa shida ta garin Narok, ko ta ƙaramin jirgi daga filin Wilson, ƙasa da awa guda. Ƙananan jiragen nan kilo 15 suke yarda da shi, har da jakar hannu, kuma jaka mai laushi suke so. A yi lissafi: kyamara biyu kusan kilo 2, gilashin zum na milimita 200-600 kilo 2 da ɗoriya, na 70-200 kilo 1 zuwa 1.5, kwamfutar tafi-da-gidanka kilo 1.5, ga batura da caja da ita kanta jakar. An kai kilo 9 ba a sa ko riga ba. Mai son tafiya da babban gilashi na 600 f/4 (f lambar faɗin ƙofar haske ce), wanda shi kaɗai ya kai kilo 3, ko dai ya sayi ƙarin kujera ko ya bi mota.

Kuma a gaskiya ba ya buƙatarsa a bakin kogi. A mafi yawan mashigai tazarar da ke tsakanin mota da inda ake dambarwar ba ta wuce mita 30 zuwa 100 ba. A kyamara mai cikakkiyar sensa (farantin da hoto ke sauka a kai a cikinta), gilashin 400 a nisan mita 50 faɗin mita 4.5 kawai yake ɗauka, wato nyumbu biyu. Gilashin 100 a wannan nisan yana ɗaukar mita 18. Wanda ya maƙale a kan 600 zai dawo da kawuna da ƙahoni, babu kogi, babu gaɓa, babu abin da zai nuna cewa dabba dubu ce ke faɗawa ruwa. Shi ya sa zum na 100-400 ko 100-500 ya fi dacewa, sannan kyamara ta biyu da 24-105 ko 70-200 a ajiye a kan kujera, a kunne, an riga an saita ta.

Dalilin kyamara ta biyu ƙura ce. Wanda ya taɓa aiki a hunturun Kano ko Damagaram ya san abin da ƙura ke yi wa sensa, to ta Mara a watan Agusta haka take, ga motoci suna ƙara tayar da ita. Ba a sauya gilashi a fili. Idan ya zama dole, a rufe tagogi, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a yi cikin daƙiƙa biyar. Tsakanin ɗauka da ɗauka a lulluɓe ta da rigar filo ko gyale. Kada a dogara da leda: Kenya ta haramta jakar leda tun 2017, kuma tun 2020 ta hana shiga gandun daji da robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Kowane dare a hura sensa da robar hura iska, a ɗauki hoton farin bango a f/16 a duba ko akwai ɗigo.

Sandar kyamara mai ƙafa uku ba ta da amfani a cikin mota. Abin da ke aiki matashin wake ne, jaka ce ta yadi da ake zuwa da ita babu komai, a cika ta da kilo 2 zuwa 3 na wake ko shinkafa ko masara a Narok ko a masauki, a ɗora ta a bakin taga. A riƙa ɗauka daga taga maimakon leƙowa ta rufin mota, domin gaɓar da ma ta ɗaga ka sama da ruwa, ƙarin tsawo bayan dabbobin kawai zai nuna maka. Da an tsaya a kashe inji. Karkarwar injin dizal tana bi ta ƙarfen mota ta shiga matashin ta shiga gilashi. Haka motsin mutane: mota mai fasinja shida, kowa yana tsalle daga wannan taga zuwa waccan, lilo take yi. Masu hoto uku a mota, kowa da layin kujerunsa, shi ne iyaka.

Jiragen hoto marasa matuƙi a bar su a gida, ba a yarda da su ba sai da izini na musamman. Batura a jakar hannu suke tafiya. Soket ɗin Kenya mai baki uku ne irin na Najeriya, sai dai masaukai da yawa da hasken rana suke aiki, caji yana da lokaci, don haka batir huɗu ga kowace kyamara ba almubazzaranci ba ne. Mai tasowa daga Najeriya kada ya manta katin rigakafin shawara.

Jiran

Tun 2024 baligi ɗan ƙasar waje yana biyan dala 200 a rana don shiga Masai Mara daga Yuli zuwa Disamba, kuma tikitin na awa 12 ne. Wannan kuɗi yana sa mutane gaggawa, gaggawar kuma ita ke kashe ƙetarewar.

Nyumbu matsoraciya ce a bakin ruwa. Garken yana taruwa ne sannu a hankali, layi-layi daga fili, na baya suna turo na gaba, kukansu yana ƙaruwa. Sau da yawa jakunan dawa ne ke fara sauka su sha ruwa. A wannan lokacin ƙaramin abu yana wargaza komai: mota ta matso, wani ya buga ƙofa, wani ya miƙe da farar riga ta rufin mota. Sai ka ga garken ya juya ya koma fili, awa uku na jira sun tafi a banza, ga duk wanda ke wurin. Abin da direbobin kirki ke yi shi ne su tsaya can nesa da gaɓa, bayan kurmi, inji a kashe, sai dabbobin farko sun shiga ruwa sosai layi ya kama, sannan a matsa a hankali. Da zarar ƙetarewa ta kankama ba ta cika tsayawa ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne mafita. Dabbobin suna haurowa ne ta 'yan hanyoyin da dorina da su kansu suka sassaƙa a jikin gaɓa. Idan motoci suka jeru a bakin wannan hanya don samun fuska, na gaba sai su tsaya, na baya suna ci gaba da turowa, a tattake wasu, wasu su bi ruwa su nemi wurin da ba ya hauruwa. A 2025 bidiyoyi sun yaɗu daga ɓangarorin biyu na kogin suna nuna baƙi sun sauko daga motoci sun tsaya a gaɓa, dabbobi suna komawa cikin ruwa, har hukumomin ƙasashen biyu suka yi magana. Ko ta fuskar hoto kawai aka duba, tsayawa a bakin mafita wauta ce: dabbar da ta firgita kauce maka take yi, bayan hotonka kuma ya cika da motoci. A tsaya gefe, a bar musu hanya, a ɗauke su a karkace.

Ba a sauka daga mota a bakin kogi, sai a wuraren da aka keɓe. A fita da karin kumallo da abincin rana, a rage shan shayi da asuba. Safiya akwai sanyi, wurin tudu ne sama da mita 1,500, rigar sanyi dole ce har wajen ƙarfe tara. Musulmi ya shirya da direba tun da wuri inda za a tsaya a yi salla, rangwamen matafiyi na haɗa azahar da la'asar yana da amfani a irin wannan rana, domin ƙetarewa ta fi yawan faruwa tsakanin hantsi da la'asar.

Wannan lokacin kuwa shi ne mafi munin haske. Rana tana tsaka, inuwa ta yi kauri a ƙarƙashin ido da wuya, ruwa yana ƙyalli. Ga kawalwalniya: iskar da ta yi zafi a kan ƙasa tana rawa, duk abin da ya wuce mita 100 sai ya fito kamar an shafa masa man kaɗanya. Mutane sukan zargi gilashi ko fokas, alhali iska ce, kuma babu saitin da ke maganinta. Ƙara tsawon gilashi ƙara ta yake yi. Abin yi shi ne a haƙura da na nesa, a jira su matso.

Saitin da ake yi tun kafin a fara

Saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, shi ne farko. Nyumbu mai tsalle daga gaɓa da feshin ruwa suna buƙatar 1/1600 zuwa 1/2000 na daƙiƙa kafin su tsaya cak. A 1/500 jiki zai iya fitowa, ƙafafu da kai su yi hazo. Ƙofar haske f/8 ta fi f/5.6 a nan, ga dalili: gilashin 400 a nisan mita 50, a f/5.6 zurfin abin da zai fito tsaf kusan mita 5 ne, a f/8 kusan mita 7.5. Tunda dabbobin a cunkushe suke, wannan ƙarin mita biyu da rabi shi ke sa maƙwabtan wadda aka saita su ma su fito. A rana tsaka, f/8 da 1/1600 suna tafiya da ISO 400, ISO kuwa shi ne ƙarfin jin haske na sensa. Idan gajimare ya rufe, ISO zai hau 1600, a inuwar gaɓa ya wuce haka. Hanya mafi sauƙi ita ce a kafa shata da ƙofar haske da hannu, a bar ISO ya riƙa sauya kansa, a sa masa iyaka wajen 6400. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi a kwamfuta. Wanda ya girgiza ya tafi ke nan.

Sai ma'aunin haske, wanda wannan wuri ke ruɗawa. Nyumbu baƙi-baƙi ce, idan ta jiƙe ta ƙara duhu. Da sun cika hoton, kyamara sai ta ɗauka wurin duhu ne ta ƙara haske, farin feshin ruwa ya ƙone ya zama fari fat babu komai a ciki. A rage haske da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki (mataki guda shi ne ninka haske ko raba shi biyu), a kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda ya ƙone, a gwada a kan ruwan tun ana jira. Idan kuma ana fuskantar rana cikin ƙura, abin yakan juya: ƙurar mai haske ta sa kyamara ta rage, dabbobin su dusashe. Nan sai mutum ya zaɓa, ko ya bar su baƙi ya riƙe launin ƙurar, ko ya ƙara mataki guda. A ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin tazarar da ke tsakanin baƙar fata da farin ruwa ta fi ƙarfin JPEG.

Fokas shi ne inda sababbin kyamarori ke ba masu su kunya. Tsarin gane idon dabba yana aiki da kyau a kan zaki ɗaya a fili. A gaban kawuna ɗari biyu masu kama ɗaya sai ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, ko ya kama feshin ruwan da ke gaba. A sa fokas mai bin motsi, a taƙaita shi a ƙaramin akwati, mai hoto da kansa ya ɗora akwatin a kan dabbar da ya zaɓa. Don tsallen gaɓa akwai dabara mafi sauƙi: dabbobin wuri ɗaya suke bi, inda ta farko ta dira nan ta goma za ta dira. A saita a kan leɓen gaɓar, a tsara hoton da sarari a ƙasa inda za su faɗa, a tsaya a nan a bar su su shigo. Kyamarar da ke iya ajiye rabin daƙiƙa kafin a danna tana taimakawa sosai a wannan wuri. Maɓallin taƙaita nisa da ke jikin dogon gilashi a tura shi zuwa nesa, don kada fokas ya dawo kan ciyawar da ke gaban mota.

Yanzu lissafin da ba a cika yi ba. Kyamara mai megafiksel 45 tana fitar da RAW na kusan megabait 50. A hoto 20 cikin daƙiƙa, gigabait guda ke nan kowace daƙiƙa. Katin gigabait 128 zai cika cikin minti biyu da 'yan kai idan aka danne maɓalli ba ɗagawa. Tun kafin nan ma ma'ajiyar wucin gadi ta cikin kyamara za ta cika idan katin mai jinkiri ne, sai ta koma ɗaya-ɗaya, kuma a daidai lokacin ne kada zai ɗago. An sha ganin haka: mutum ya ƙone katinsa a kan dabbobi hamsin na farko, abin kallo ya zo a minti na takwas yana lalube a jaka. A sa sabon kati tun ana jira ko da na ciki bai cika ba, haka batir. A rage gudu zuwa hoto 10 cikin daƙiƙa, a riƙa danna gajere-gajere, daƙiƙa ɗaya ko biyu, a ɗaga.

Cikin mintocin

Ido yana son ya bi komai, hannu ya riƙa yawo da gilashi hagu da dama. Sakamakon haka tarin baƙaƙen jikuna ne babu inda ido zai sauka. Gara a raba lokacin. Minti na farko a ɗauki faɗi da kyamara ta biyu: gaɓa, ƙura, layin da ya ratsa ruwa, sararin sama kaɗan. Wannan ba ya buƙatar hoto ɗari, biyar sun isa. Sannan a koma dogon gilashi a nemi abu ɗaya da ya bambanta: jakin dawa guda a tsakiyar nyumbu, ɗan maraƙi da hancinsa kawai ke sama, wadda ta juyo tana fuskantar saura, wadda ke sama tsakanin gaɓa da ruwa.

Kada ba ya zuwa da sanarwa. Kadan Mara manya ne, wasu sun kusa mita 5. Direba ko wanda ba ya riƙe da kyamara shi ya kamata ya sa ido a gefen layin, musamman ta ƙasa inda ruwa ke janye masu rauni, ya faɗi wurin da agogo, "ƙarfe biyu, kusa da dutse", maimakon "ga shi can". Mai ɗauka ya buɗe ido biyu, ɗaya a kyamara ɗaya a waje. A farkon kaka kadoji suna da yunwa, zuwa ƙarshenta sukan ƙoshi har garke ya wuce ta gabansu ba su motsa ba.

Idan ƙetarewar ta yi tsawo kuma an samu abin da ake so, a gwada jan shata: 1/30, ana bin dabba ɗaya da gilashi daidai gudunta, saura su zama zane-zane. A rana tsaka wannan yana buƙatar tace mai rage haske mataki uku, a ISO 100 da f/11. Ba tare da ita ba sai an matse ƙofa zuwa f/22 ko fiye, nan kuma duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito. Cikin hoto hamsin a samu ɗaya ko biyu, haka abin yake ga kowa.

Kada a ajiye kyamara don layi ya yanke. 'Yan maruƙan da aka haifa a Fabrairu wata shida suke da shi a Agusta, da yawa suna rabuwa da iyayensu a cikin ruwa. Uwa takan tsaya a gaɓa tana kuka, ta sake faɗawa ta koma nema, ko ɗan ya koma shi kaɗai. Dabba ɗaya a faɗin kogi, babu cunkoso, motoci sun fara watsewa: sau da yawa hoton ranar a nan yake.

Akwai kuma abin da ke biyo baya, wanda littattafan talla ba sa nunawa. Wani nazari da aka wallafa a 2017, ƙarƙashin jagorancin Amanda Subalusky, ya gano cewa a matsakaici nyumbu 6,250 ne ke nutsewa a kogin kowace shekara, kusan tan 1,100 na nama da ƙashi, kuma an samu nutsewar taro a shekaru 13 cikin 15 daga 2001 zuwa 2015. Kadoji kaɗan suke ci daga ciki. Saura ungulaye ne da borin-tinki da kifi, ƙasusuwan kuma sukan yi shekara bakwai suna narkewa suna ciyar da kogin. Gawarwakin sukan taru a lanƙwasa da kan duwatsu, ana ganinsu daga gadar Purungat. Wari ne mai tsanani, amma wanda ke son ba da labarin ƙetarewar gaba ɗaya sai ya haɗa da wannan. Ungulu mai sauka tana buƙatar 1/2000 ita ma, da ƙarin haske kaɗan idan sararin sama ne a bayanta.

Mutanen wurin

Ƙasar Masai ce, yawancin direbobi da masu gadin gandun su ne. Makiyayin da aka gani a hanya da jan mayafinsa ba a ɗaga masa kyamara daga tagar mota, a tsaya a gaisa a nemi izini ta bakin direba, idan ya ce a biya a daidaita kafin a ɗauka, idan ya ƙi a wuce. Yara sai da yardar manyansu. Ta fuskar aiki, jan mayafin nan yana saurin ƙonewa a sensa tun kafin sauran launuka, don haka a duba jadawalin haske na ja shi kaɗai. A nemi inuwar bishiya ko bakin ƙofar ɗaki, a auna haske a kan fuska, da gilashin 50 ko 85. A karɓi lambar da za a tura hoton, kuma a tura.

Da dare

Kafin a kwanta a kwafe katuna zuwa wuri biyu, kwamfuta da ƙaramin faifan ajiya, a raba su jaka daban-daban, kada a goge kati sai an buɗe hotuna daga kwafin an ga suna buɗuwa. Ba a tantancewa a bayan kyamara cikin mota, ƙaramin allon yana ɓoye girgiza, yana kuma cin batir. A kwamfuta a fara zubar da duk wanda idon babbar dabbar bai fito ba, sai wanda aka yanke ƙafa ko ƙaho a gefe, sai wanda rufin wata mota ya leƙo a sama. Daga hoto 3,000 na ƙetarewa ɗaya abin da zai rage bai cika wuce 20 ba. A duba bayanan waɗanda suka lalace, saurin shata nawa, tsawon gilashi nawa, ƙarfe nawa, domin gobe da 6:00 za a buɗe ƙofa, garken da ya haye yau kuma yana iya kwana a bakin ruwa yana shirin komawa.